Gajiyar Da Barci Ba Ya Maganinta: Halin Da Nas-nas Na Ɗakin Gobe Da Nisa Ke Ciki A Ankara

Daga Wakilinmu

Masu iya magana kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora buhunan albasa daga Galmi, ya ratsa ƙasar Burkina Faso, ya shigo Gana ta iyakar Paga ko Kulungugu, ko kuwa wanda ya biyo hanyar gaɓar teku daga Legas ya shigo ta Aflawo, ya san cewa jari da riba da ciniki duk suna tsayawa cik ranar da jiki ya ƙi. A ranar ne mutum ke sanin darajar asibiti. In kuwa ciwon ya yi tsanani har aka wuce da shi sashen kulawa ta musamman, wanda jama'a ke kira ɗakin gobe da nisa, to bayan Allah, rayuwarsa tana hannun nas ɗin da ke tsaye a kansa dare da rana.

To, wace ce wannan nas ɗin, kuma a wane hali take aiki? Tambayar ta shafi dubban Hausawa da sauran mazauna zangunan birnin Accra, wanda fatake suka fi sani da Ankara tun zamanin da ake safarar goro daga Gwanja. Ta shafi mutanen Nima da Mamobi da Sabon Zango da Tsohuwar Fadama, ta kuma shafi baƙon da ya zo sauke kaya kwana uku ya koma. Amsar da ake samu a 'yan shekarun nan ba mai daɗin ji ba ce: ma'aikatan jinyar da suka ƙware a wannan sashe sun yi kaɗan, waɗanda ke nan sun gaji, kuma da yawansu sun tattara nasu-ya-nasu sun tafi Turai da Amurka.

Asibitocin da zango ke dogaro da su

Idan ciwo ya kama mutum a Nima ko Mamobi, wurin da aka fi fara kai shi shi ne babban asibitin Mamobi. Idan abin ya fi ƙarfin nan, sai a tura shi gaba, ko dai asibitin sojoji na 37 da ke maƙwabtaka da unguwar, wanda aka kafa a 1941 lokacin yaƙin duniya na biyu, ko asibitin Ridge, wato babban asibitin yankin Ankara da aka sabunta gininsa ya fara aiki a 2017, ko kuma uwa-uba asibitin koyarwa na Korle Bu. Shi Korle Bu an buɗe shi tun 1923 zamanin Gwamna Guggisberg, yana da gadaje kimanin 2,000, kuma tazara kaɗan ce tsakaninsa da Sabon Zango da Tsohuwar Fadama.

Mutanen waɗannan unguwanni ba baƙin asibiti ba ne. Tsohuwar Fadama tana bakin kogin Odaw da tafkin Korle, inda ƙidayar da mazauna wurin suka yi a 2009 ta nuna mutum kusan 80,000 a cunkushe cikin ɗakunan katako da kwano. Gobara a nan ba sabon abu ba ce, haka ma ambaliya. A annobar kwalara ta 2014, sama da mutum 28,000 suka kamu a faɗin Gana, sama da 200 suka rasu, kuma Ankara ce ta fi jin jiki. Har yau ba a manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ruwa da wuta suka haɗu a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, inda sama da mutum 150 suka rasa rayukansu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa waɗannan asibitoci cikin dare. A kan wannan sai a ɗora haɗarin babura da motocin haya, da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da jijjigar masu ciki. Duk waɗannan hanyoyi ne da ke kai mutum ɗakin gobe da nisa.

Sai dai ɗakin ƙarami ne ƙwarai. Wani bincike da wasu likitocin Gana suka wallafa a 2021 ya gano cewa a ƙasar baki ɗaya, mai mutum kimanin miliyan 30 a lokacin, gadajen sashen kulawa ta musamman 113 ne na manya da 36 na yara. Ma'ana gado ɗaya ga kowane mutum 200,000. Binciken ya ce likitocin da suka ƙware takamaimai a wannan fanni su takwas ne kacal, shida na manya, biyu na yara. An ƙara gadaje daga baya, musamman lokacin annobar korona, amma gado da na'ura ba sa jinya da kansu. Gadon da babu nas a kansa daidai yake da babu.

Wannan ne tushen abin da mutanen Gana ke kira cutar "babu gado". A watan Yunin 2018 ƙasar ta ɗauki zafi bayan wani dattijo mai shekara 70 ya cika a cikin motarsa, bayan iyalinsa sun zaga da shi asibitoci bakwai a Ankara ana ce musu babu gado. Majalisar dokoki ta tattauna batun, hukumomi suka ba da umarnin kada a sake mayar da mai neman agajin gaggawa, amma matsalar ba ta kau ba.

Aikin da ba a zama

Mai karatu zai so ya san abin da ya bambanta wannan sashe da sauran ɗakunan kwanciya. A ɗakin kwanciya na yau da kullum majinyaci na iya cewa ga inda ke masa ciwo, ɗan'uwansa na iya ba shi abinci. A ɗakin gobe da nisa kuwa, galibin majinyata ba su san inda kansu yake ba. Na'ura ce ke hura musu numfashi, wata na nuna bugun zuciya da hawan jini da yawan iskar oksijin a jika, wasu kuma na ɗiga magani a jijiya da ma'auni. Nas ce ke duba duk waɗannan ta rubuta kowace awa. Ita ce ke zuƙe majinar da ke toshe bututun numfashi, ta ciyar da shi ta bututun hanci, ta auna fitsarin da ya yi, ta share shi idan ya ɓata jikinsa, ta kuma juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Juya ƙaton namiji da ba ya motsi aiki ne na mutum biyu ko uku, shi ya sa ciwon baya ya zama abokin zaman masu wannan sana'a.

Saboda haka ne ƙa'idar aikin a duniya ta ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya, in an matsa ƙwarai majinyata biyu. A galibin asibitocin gwamnatin Gana, aikin safe da na rana awa shida-shida ne, na dare kuwa awa 12 ne, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Idan wadda za ta karɓe ta ba ta zo ba, ba ta da ikon ajiye majinyaci ta tafi gida. Bayan ta fito kuma, ga cunkoson motocin Ankara na jiranta, domin kuɗin haya a tsakiyar gari ya kori ƙananan ma'aikata da yawa zuwa bayan gari irin su Kasuwa da Adenta da Amasaman. Ta isa gida ga yara, ga girki, ga miji, kafin ta runtsa lokacin komawa ya yi.

Akwai kuma nauyin da ba a gani da ido. Babu sashen da ake yawan mutuwa a asibiti kamar wannan. Nas za ta yi mako biyu tana fama da yarinyar da ta ƙone, ta san sunan mahaifiyarta, ta san ƙannenta, ranar da yarinyar ta cika ita ce za ta cire bututun, ta rufe ta, ta gyara gadon domin wani na hanya. Mafi ciwo shi ne ranar da ta san abin da ya kamata a yi amma babu halin yi: babu gado, ko babu na'ura, ko an rubuta magani dangi sun tafi neman kuɗi ba su dawo ba.

Ba lalaci ba ne

Wannan hali yana da suna a wurin masana. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Herbert Freudenberger ne ya fara bayyana shi a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a wani asibitin talakawa na birnin New York ke farawa da zafin nama, su ƙare kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Daga baya wata masaniya, Christina Maslach, ta fito da ma'aunin gane shi a 1981. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ta ce alamominsa uku ne. Na farko gajiya mai cin rai, wadda mutum zai kwana ya tashi da ita. Na biyu zuciya ta bushe, mutum ya daina jin tausayin waɗanda yake yi wa aiki, ya riƙa ganinsu kamar kaya. Na uku ya riƙa jin cewa aikinsa ba ya tsinana komai.

A nan ne ya kamata mutanenmu su tsaya su yi tunani. Ƙorafin da aka fi ji a zango game da nas-nas shi ne tsawa da ɗaure fuska da wulaƙanta talaka, musamman wanda ba ya jin Turanci ko Tuwi. Ƙorafin yana da tushe, kuma babu wanda zai ce wulaƙanci daidai ne. Akwai masu mugun hali a kowace sana'a, har da kasuwa. Amma wani ɓangare na wannan bushewar zuciya alama ce ta biyu daga cikin ukun da aka lissafa. Ɗan kasuwar da ya kwana uku a kan iyaka yana jiran a saki motarsa, albasa na ruɓewa, ya san yadda amsarsa ke fita idan yaro ya zo masa da tambaya. To ita nas kullum a kan iyakar take.

Illar ba a kanta kaɗai take tsayawa ba. Wani shahararren bincike da aka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, haɗarin ita kanta ta faɗa cikin wannan gajiya kuma na ƙaruwa da kashi 23 cikin 100. Idan haka abin yake a ƙasar da ke da kayan aiki, mai karatu sai ya kwatanta da namu.

Korona, tsadar rayuwa da hanyar Ingila

Annobar korona ta shigo Gana ranar 12 ga Maris, 2020. Kafin watan ya ƙare an rufe iyakoki, an hana fita a Ankara da Kumashi na mako uku. 'Yan kasuwa ba za su manta ba, domin iyakokin ƙasa ba a sake buɗe su ba sai ƙarshen Maris na 2022. A lokacin gwamnatin Shugaba Nana Akufo-Addo ta ɗauke wa ma'aikatan lafiya haraji na wasu watanni, ta yi alkawarin ƙarin rabin albashi ga waɗanda ke bakin daga, aka kuma gina cibiyar cututtuka masu yaɗuwa mai gado 100 a Ga ta Gabas da kuɗin 'yan kasuwa masu zaman kansu. Duk da haka ma'aikatan lafiya da yawa sun kamu, wasu sun rasu, kuma a watan Satumban wannan shekarar nas-nas da ungozomomi suka shiga yajin aiki na 'yan kwanaki kan sharuɗɗan aikinsu.

Annoba na lafawa sai tattalin arziki ya rikice. A 2022 darajar sidi ta zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, har gwamnati ta nemi bashin dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka amince da shi a Mayun 2023. Ɗan kasuwa na iya ƙara kuɗin kayansa idan sidi ta faɗi, mai albashi kuwa sai dai ya rage cefane. A daidai wannan lokaci Ingila, wadda ita ma annobar ta gajiyar da ma'aikatanta, ta buɗe ƙofa da sabuwar bizar ma'aikatan lafiya tun Agustan 2020.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Sama da nas-nas 1,200 'yan Gana ne suka yi rajistar aiki a Ingila a 2022 kaɗai. Ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta Gana, GRNMA, ta ce kusan 4,000 ne suka bar ƙasar a wannan shekarar zuwa ƙasashe daban-daban. A wani rahoto da BBC ta yi a Yunin 2023, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin Ridge ta bayyana cewa sashen kulawa ta musamman na asibitin kaɗai ya rasa nas-nas 20 cikin wata shida, sun tafi Ingila da Amurka, abin da ya sa ba sa iya karɓar ƙarin majinyata, kuma jinkirin na jawo asarar rayuka. Rahoton ya ce albashin da suke samu a Ingila ya ninka na gida fiye da sau bakwai.

Abin lura shi ne waɗanda ke tafiya su ne ƙwararru. Kafin nas ta iya riƙe gado a wannan sashe sai ta gama makarantar jinya, ta yi shekaru tana aiki, sannan ta koma ƙarin karatu a makarantar horar da nas-nas na tiyata da kulawa ta musamman da ke Korle Bu ko makamanciyarta. Irinta ne asibitocin waje ke rububi. Idan ta tafi, aikinta kan waɗanda suka rage yake komawa, su gaji, su ma su fara neman takardu. Gajiya na haifar da hijira, hijira na haifar da gajiya.

Wani abin mamaki kuma shi ne, a daidai lokacin da asibitoci ke kukan rashin ma'aikata, dubban matasan da suka kammala makarantun jinya na zaune a gida shekara da shekaru suna jiran ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin ɗaukarsu, domin babu kuɗin biyansu. Gana na cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, tare da Najeriya da Nijar, waɗanda ta ce bai kamata ƙasashe masu arziki su riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu ba. Sai dai jerin bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ta intanet ba. Ita kanta gwamnatin Gana ta tura nas-nas 95 zuwa tsibirin Barbados a 2020 bisa yarjejeniya.

Rikicin bai ƙare da sauyin gwamnati ba. A watan Yunin 2025, watanni kaɗan bayan dawowar Shugaba John Mahama, ƙungiyar GRNMA ta janye ma'aikatanta a faɗin ƙasa saboda rashin aiwatar da yarjejeniyar sharuɗɗan aiki da aka sa wa hannu a 2024. Gwamnati ta ce aiwatar da ita zai ci sama da sidi biliyan 2 da babu su a kasafin shekarar, ministan lafiya har ya roƙi waɗanda suka yi ritaya su fito su taimaka. An dakatar da yajin ranar 13 ga watan bayan kwamitin lafiya na majalisa ya shiga tsakani. Maƙwabta ma ba su tsira ba: a 2024 hukumar kula da aikin jinya ta Najeriya ta ce nas-nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku.

'Ya'yan zango masu farin kaya

A da, ba kasafai ake ganin 'yar zango a makarantar jinya ba, saboda iyaye na ƙyamar aikin dare da kuma irin tufafin aikin. Yanzu abin ya sauya, akwai 'ya'yan Nima da Mamobi da Madina, maza da mata, a manyan asibitocin Ankara. Sai dai su nauyinsu biyu ne. Idan aka kawo Bahaushe ko Bazabarme da ba ya jin Turanci, ita ake kira ta yi tafinta ko da ba majinyacinta ba ne. Idan ta koma gida kuma, ƙofarta ta zama ƙaramin asibiti: wannan ya kawo takardar magani a duba masa, wancan na so a nema masa gado, wata na so a yi mata allura. Idan ta ce ta gaji, sai a ce boko ya sa mata girman kai. A al'adarmu da wuya mutum ya fito ya ce zuciyarsa ta gaji, domin abin da zai ji shi ne "yi haƙuri, aikin lada ne." Aikin lada ne babu shakka, amma mai neman lada ma jiki gare shi.

Mene ne abin yi?

Babban nauyin na kan hukuma. Masana sun yi ittifaƙi cewa nasiha da tarurrukan ƙara wa juna sani ba sa warkar da gajiyar da ƙarancin ma'aikata ya haifar. Maganinta shi ne a ɗauki matasan da ke zaune a gida, a horar da su, a biya ƙwararrun alawus da zai sa su zauna, a tabbatar kowa ya samu hutunsa na shekara, a samar da ɗakin hutawa da motar ma'aikata, a kuma tanadi masu ba da shawara da ma'aikaci zai gana da su cikin sirri bayan ya ga abin tashin hankali. Ƙasashen da ke kwashe ƙwararrun kuma ya dace su sa hannu a kuɗin horar da waɗanda za su maye gurbinsu.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai abin da ke hannun 'yan kasuwa. Na farko, rigakafi ya fi magani: a riƙa auna hawan jini da sukari, a daina haɗiyar ƙwayoyin hana barci a kan doguwar hanya, kuma kada a tsaya jiƙe-jiƙe har sai mutum ya fita hayyacinsa kafin a nufi asibiti. Lambar kiran motar agajin gaggawa a Gana ita ce 112. Na biyu, mazauna ƙasar su riƙe katin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, su sabunta shi a kan kari, abin da ake iya yi ta wayar salula da lambar *929#. A sani kuma inshorar ba ta ɗaukar komai da komai, don haka ƙungiyoyin 'yan albasa na Adjen Kotoku, inda aka mayar da su daga Agbogbloshie a 2021, da na 'yan shanu da direbobi, ya kamata kowace ta ware asusun jinya, yadda baƙon da ya faɗi ba za a tsaya yawo da kwano ana tara masa kuɗi ba alhali nas na jiran magani.

Na uku, idan an kwantar da namu, dangi su zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa da zai riƙa magana da ma'aikata ya isar wa sauran. Zuwa dubiya ayari guda al'ada ce mai kyau, amma a wannan sashe hana shiga kariya ce ga majinyaci daga ƙwayoyin cuta. Na huɗu, matasan zango su riƙa ba da gudummawar jini tun kafin a buƙata, masallatai kuma su taimaka wajen wayar da kai. Na ƙarshe kuma mafi sauƙi, kalmar "sannu da aiki, Allah Ya saka da alheri" ba ta cin ko kwabo. Wanda aka wulaƙanta kuwa ya kai ƙara ofishin shugabar nas-nas, domin zagi da ɗaga hannu a ƙofar ɗaki babu abin da suke ƙarawa sai dalilin da zai sa wata ta nemi biza.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ke faruwa a Ridge da Korle Bu shi ne ke faruwa a Kano da Maraɗi da Yamai, sunan asibitin ne kawai ya bambanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙarfafi masu jinyarsu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.